Kafin Mu Jefi Motar 'Yan Kwana-kwana, Mu Tambayi Wanda Ya Toshe Lungun

Makonni uku da suka wuce gobara ta tashi a unguwarmu, a nan gabashin Yamai, jim kaɗan bayan sallar isha'i. Shagon wani mai sayar da katifu ne ya fara kamawa, wuta ta tsallaka shagon tela da ke manne da shi, ta lashi rufin gidan da ke bayansu. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne tarbar da aka yi wa 'yan kwana-kwana. Da motarsu ta iso, ihu aka yi musu. Wani yaro ya sunkuya ya ɗauki dutse ya jefi gefen motar, ga manya tsaye, babu wanda ya kwaɓe shi.

Wani dattijo maƙwabcina, mutumin da nake ganin girmansa, ya juyo ya ce mini, "Malam, ka gani ko? Kullum haka suke. Sai wuta ta ci ta ƙoshi sannan su zo, in sun zo ma babu ruwa."

Na ce, "Baba, wa ya kira su?"

Ya yi jim, ya ce shi dai ya ɗauka an kira.

Ni ma na ɗauka an kira. Ina can da bokiti a hannu, waya tana aljihuna. Washegari da muka bi diddigi, sai muka gano wata yarinya ce 'yar makarantar sakandare ta buga lamba 18, lambar kiran 'yan kwana-kwana, daga cikin gidansu, bayan wutar ta riga ta fito ta saman kwano. Mu maza fiye da hamsin da ke wurin, wasu na ɗibar ruwa, wasu na ɗaukar hoto da waya, babu wanda ya danna lambobi biyun nan.

Don haka ga matsayina tun farko. Barikin 'yan kwana-kwana yana iya kare unguwa ne gwargwadon hanyar da unguwar ta bar masa. Mafi yawan jinkirin da muke zaginsu a kai, mu muke ƙulla shi da hannunmu tun kafin wuta ta tashi. Abin da ya rage kuma yana wuyan hukumomin da ke tsara gari da raba kuɗin ƙasa. Sojan da ke riƙe da tiyo a cikin hayaƙi shi ne mutum na ƙarshe da ya cancanci dutse.

"Kullum a makare suke zuwa"

Wannan shi ne ƙorafin da ya fi yawa, kuma ba zan ce ƙarya ne ba. Sau da yawa suna isowa ne bayan ɓarna ta yi nisa. Amma daga yaushe muke fara ƙirga lokacin?

Mu muna ƙirgawa daga sa'ar da muka ga hayaƙi. Su kuwa agogonsu yana fara tafiya ne daga sa'ar da waya ta yi ƙara a bariki. Tsakanin waɗannan biyun akwai mintunan da muka ɓatar muna neman makullin shago, muna kiran mai shagon da ke wata unguwa, muna gardamar ko a fasa ƙofa. Katifar soso ba ta jiran wannan shawara. Ɗaki cike da soso da leda da yadi yana iya kamawa gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, da baƙin hayaƙin da ke kayar da ƙato kafin harshen wuta ya taɓa shi.

Me ya sa ba ma kira da wuri? Na tambayi mutane da dama. Wasu sun ce suna tsoron a ce su biya kuɗin mai ko na ruwa. Wasu sun ce ba sa son a riƙe lambarsu, gobe a kira su bayar da shaida. Wasu kuma kunya ce, kada a tara musu jama'a a kan wutar da suke ganin za su iya kashewa da kansu. Kiran 18 kyauta ne, zuwansu ma kyauta ne, ba a karɓar ko dala. Kuma da su zo su tarar an riga an kashe wuta su juya, da su zo su tarar da toka, na tabbata na farkon suka fi so.

Sai maganar kwatance. An taɓa liƙa wa titunan tsakiyar gari alluna masu lambobi, amma wa ke kwatance da su? Mu kwatancenmu shi ne, "Ka wuce gidan mai, ka bar kwalta, ka bi jar hanya har wurin mai tsire, sai ka yi dama." Da dare, mai tsiren ya tashi, gidajen mai uku ne a kan titin. Mai kira kuma hankalinsa a tashe yake, ya yi ihu "wuta, wuta" ya kashe waya. Wanda ya ɗauki kiran yana buƙatar sunan unguwa, da wata alama da kowa ya sani, da abin da ke ci, da ko akwai mutum a ciki, da ko akwai tukunyar gas ko fetur. In an faɗi wannan aka tura yaro a kan babur ya tsaya a bakin kwalta ya yi musu jagora, an rage musu rabin wahala. A darenmu babu wanda ya yi haka. Sun shiga lungun da ba shi ba ne, sai da suka yi baya.

Akwai kuma masu kiran 18 don wasa, ko yaran da aka ba waya su yi shiru. Layin da aka tanada don ceton rai ya koma abin gwajin waya. Duk uban da ya ji ɗansa yana wannan bai tsawata masa ba, ya sani cewa wata rana shi ne zai kira ya ji layi a cike.

Yanzu ga motar ta fito. Duk wanda ya taɓa bin gadar Kennedy da yamma, lokacin tashi daga aiki, ya san yadda jiniya ke kuka babu inda za ta bi: ga taksi, ga kabu-kabu, ga amalanken jaki, kowa na jiran na gabansa ya matsa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne direbobin da, in an buɗe wa motar hanya, sai su manne a bayanta su ci moriyar gurbin. Wasu ma sukan sha gabanta.

In ta tsira daga kwalta ta shigo unguwa, sai ta haɗu da mu. Motar kashe gobara faɗinta ya kai mita biyu da rabi, nauyinta da ruwa a ciki ya haura tan goma. A lungunmu abin da ya tare ta tulin yashi ne da bulo na wani mai gini, wanda ya cinye rabin hanya tun kafin damina. Gaba kaɗan ga mota a fake, mai ita ya yi tafiya da makulli. A wasu lungunan rumfar biki ce ko ta suna aka kafa daga bango zuwa bango. A wasu kuma kowane gida ya haƙa ramin ruwan wanka a waje ya rufe da siririn dabe, wanda ko motar itace ba zai ɗauka ba, balle wannan. Dole suka tsaya nesa, suka yi ta jona tiyo kan tiyo. Mintunan da wannan ya ci, su aka zaga a kai.

Mai yashin nan yana cikin masu ihun. Na gan shi da idona.

"In sun zo ma babu ruwa"

Wannan magana na daɗe ina jinta, tun ina yaro a Tawa. Har ta zama kamar karin magana. Mu yi lissafi.

Motar kashe gobara irin wadda aka fi gani tana ɗaukar ruwa kamar lita 3,000. Tano goma sha biyar ke nan, ko bido 120 na 'yan ga-ruwa. A ido yana da yawa. Amma tiyo guda in an buɗe shi sosai yana iya fitar da lita 500 a minti ɗaya. Ke nan cikin minti shida tanki ya ƙare. In tiyo biyu aka buɗe, minti uku. Abin da jama'a ke gani su ce "sun zo babu ruwa" shi ne wannan: sun zo da ruwa cike, ruwan ne ba ya daɗewa.

A ƙa'ida ruwan cikin mota na fara yaƙi ne kawai. Kafin ya ƙare ya kamata an jona motar da bakin ruwan gobara, wato jan famfon nan da ake kafawa a gefen titi, wanda ke ɗauko ruwa kai tsaye daga babban bututun gari. To a unguwarku ina yake? Ni na zagaya tamu a ƙafa ban ga ko ɗaya ba. Inda suke a tsofaffin unguwanni, wani an gina kanti a kansa, wani yashi ya binne shi, wani an kwance masa kai an sayar wa 'yan gwangwan. In kuma bazara ce, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da famfon gida ma sai tsakar dare yake ɗigowa, wane ƙarfi bututun zai ba mota?

Saboda haka motar sai ta juya ta tafi neman ruwa, ta dawo ta cikin cunkoson da ta baro. Garin da kogin Isa ya ratsa ta tsakiyarsa, a ce gida yana ƙonewa don rashin ruwa, abin kunya ne gare mu duka. A nan na yarda da masu ƙorafi ɗari bisa ɗari cewa akwai gazawa. Inda muka rabu shi ne wanda za a kai wa ƙorafin. 'Yan kwana-kwana ba su ke shimfiɗa bututu ba, ba su ke yanka filaye ba. Ma'aikatar magajin gari da kamfanin ruwa da masu yanka filaye suna sayarwa, su ya kamata a tambaya me ya sa ake buɗe sabuwar unguwa mai gidaje dubbai ba tare da bakin ruwan gobara ko guda ba. Ban taɓa jin wata unguwa ta tura wakilai a kan wannan ba. A kan kwalta da fitilun titi muna zuwa.

Ranakun da babu gobara

Muna tuna su ne kawai ranar da muka ga hayaƙi, shi ya sa wasu ke cewa zaman banza suke yi a bariki. Duk wanda ke zaune kusa da barikinsu ya san sau nawa jiniya ke fita a yini, kuma yawancin fitar ba ta wuta ba ce.

Su ne ke kwasar ɗan kabu-kabun da mota ta buge a mararraba, su ɗaure masa ƙafa su kai shi asibiti. Su ne ke yanka ƙarfe su zaro fasinja daga motar da ta murƙushe a hanyar Doso ko ta Tilaberi. In yaro ya tafi wanka kogi a zafin Afrilu bai dawo ba, su ke shiga ruwa nemansa, wani lokaci kwana biyu, don iyaye su samu gawar da za su yi wa sutura. In mutum ya faɗa rijiya ko masai ya rufta da shi, su ke saukar da ɗan'uwansu da igiya cikin ramin da iskarsa ke iya kisa.

A watan Satumba na 2020, da kogi ya kai tsayin da ba a taɓa auna irinsa a Yamai ba, wajen mita bakwai, madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, suna cikin waɗanda suka yi ta fitar da tsofaffi da yara daga gidajen laka da ke rushewa. Daminar 2024 ma haka aka sha.

A ƙasarmu 'yan kwana-kwana sojoji ne, rundunarsu ɓangare ce ta sojojin ƙasa. Matasa ne 'ya'yan talakawa irin namu, daga Zinder, daga Tawa, daga Doso, albashinsu na ƙaramin soja. Wanda na tsaya kusa da shi a daren nan ba zai wuce shekara ashirin da biyar ba. Da ya cire hular kwano, zufa ce ke zuba kamar an juye masa bokiti, idanunsa jajur. Wata mata ce kawai ta miƙo masa ruwan sha a moɗa. Allah ya saka mata da alheri.

"Gobara ƙaddara ce"

Wannan ce hujjar da ta fi wuyar taɓawa, domin gaskiya ce a asalinta. Babu abin da ke faruwa sai da izinin Allah, kuma idan muka je jaje abin da muke faɗa ke nan: Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma haka na faɗa wa mai katifu, kuma har zuciyata.

Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya hana mu kwana da wuta a kunne. Ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya ce wuta abokiyar gaba ce gare mu, in za mu kwanta mu kashe ta. Malamanmu sun san wannan sarai. Ina fatan a riƙa jin sa a huɗubar Juma'a a farkon hunturu, lokacin da ake shiga ɗaki da garwashi a kasko a rufe ƙofa da taga, iska kuma tana kaɗawa, komai ya bushe ƙayau.

Mu dubi tarihin garin nan. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai a 1987 aka buɗe sabon ginin da muke shiga yau. A 2009 wuta ta sake cin wani ɓangarenta. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, ba ta sake komawa yadda take ba. Kasuwar Katako kuwa ta sha gobara ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Bayan duk wannan, ka shiga kowace kasuwa yau ka ɗaga kai. Wayoyin lantarki ne a harɗe kamar saƙar gizo, an jona wannan daga wancan an naɗe da leda. Hanyoyin da aka bari don mota ta shiga an cika su da tebura, har mai baro sai ya karkace. Mai abinci tana hura wuta jikin shagon yadi. Da dare a kulle ƙofofi, a bar mai gadi da tocila da sanda. In aka ɗauke wuta da yamma, ɗan kasuwa ya rufe shago bai kashe komai ba, aka maido ta da ƙarfi cikin dare, sauran labarin kowa ya san shi.

Idan abu ɗaya ya faru sau biyar ta hanya ɗaya, ya kamata mu ji nauyin jingina shi ga ƙaddara kaɗai.

Abin da ba na iya tunawa ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba shi ne ranar 13 ga Afrilu, 2021. A unguwar Pays-Bas, kusa da filin jirgi, wuta ta kama azuzuwan zana na wata makaranta, yara kusan 20 suka rasu, yawancinsu ƙanana ne ƙwarai. Azuzuwa 21 suka ƙone. Ba a cika wata bakwai ba, ranar 8 ga Nuwamba, irin haka ta faru a Maraɗi, yara fiye da 25 suka tafi. Bayan nan ne gwamnati ta hana karantar da 'yan rainon yara a cikin rumfunan zana.

Ina so mai zagin 'yan kwana-kwana ya tsaya a nan ya yi tunani. Rumfar zana busasshiya tana cinyewa kafin direba ya tayar da mota. Ko barikin yana jikin katangar makarantar, da wuya ya riga wutar. Abin da zai ceci yaran nan tun kafin ranar ake yin sa: ajin bulo, ƙofar fita fiye da ɗaya, tazara tsakanin rumfuna, malamin da aka koya wa yadda zai fitar da yara hamsin cikin minti ɗaya. Har yau akwai azuzuwan zana a gefen garin nan, kuma 'ya'yanmu ne a ciki.

Haka daren 5 zuwa 6 ga Mayu, 2019, da tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani. Jama'a suka fito da bido da bokiti suna kwasar fetur, wuta ta tashi, mutum fiye da 50 suka mutu nan take, wasu suka cika daga baya a asibiti. An yi zaman makoki na ƙasa kwana uku. Na san talauci ne ya fitar da mutane da bido cikin dare, ba na zagin mamaci. Amma ina tambayar kaina, in yau wata tankar ta kife a wurin, mutum nawa ne za su gudu, nawa ne za su rugo? Tururin fetur ne ke kamawa, ba sai wuta ta taɓa ruwansa ba, tartsatsin salansar babur ya isa. Wannan ilimi ne da 'yan kwana-kwana ke da shi, mu kuma ba mu je mun karɓa ba.

"Talaka ina ya ga kuɗin wannan?"

Wani abokina mai shago ya ce mini duk wannan maganar masu hali ce. Wanda ke neman na cefane ina ya ga kuɗin jar tukunyar kashe wuta?

Akwai gaskiya a ciki, musamman ga gidan haya mai ɗaki ɗaya. Amma yawancin abin da ke hana gobara ba sayen sa ake yi ba. Bokitin yashi a bakin shago nawa ne? Sanin inda ake kashe wutar gida gaba ɗaya a wurin mita, da nuna wa matar gida da babban yaro, nawa ne? Kada a zuba ruwa a kan man gyaɗan da ya kama a kasko, a rufe shi da murfi. Kada a watsa ruwa a kan fetur, domin fetur yana hawa kan ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Kada a watsa a kan waya mai wuta. A darenmu sai da wani ya fara watsa ruwa kafin a tuna da mita, Allah ne ya tsare shi.

Gas ya shiga gidaje da yawa yanzu, kuma alheri ne, ya rage mana cin itace. Sai dai an sayar mana da tukwanen ba a sayar mana da sanin su ba. Tiyon roba yana tsufa ya tsattsage, canza shi bai kai kuɗin katin waya na mako ba. Gas ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ajiye tukunya a ƙuryar ɗakin kwana hatsari ne. In an ji warinsa, a buɗe ƙofa da taga, a rufe kan tukunya, kada a taɓa makunnin fitila ko da kashewa ne.

Shi kuma abokina mai shago, na ce masa ya ƙirga kayan da ke cikin shagonsa ya gaya mini ko sun kai miliyan. Ya ce sun fi. Na ce to layinku shago goma ne, in kowa ya kawo jika biyu ko uku, ba za ku sayi tukwane biyu ku rataye a waje ba? Kuɗin shayin fada na wata guda ya fi haka.

Masu sayar da fetur a kwalabe a bakin titi kuwa, na san sana'a ce da ke ciyar da gidaje. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a tara jarkoki a cikin gida, ɗakin da ke jikin na yara, maƙwabta sun sani sun yi shiru don kada a ce sun shiga tsakanin mutum da abincinsa. Ranar da ta tashi ba gidansa kaɗai za ta ci ba.

Inda na ɗora wa hukuma

Kada a fahimce ni da cewa na wanke gwamnati. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum miliyan ɗaya a Yamai, kuma tun daga lokacin garin ya yi ta miƙewa ta kowace kusurwa. Wuraren da muka sani gonakin gero ne yau unguwanni ne cike da mutane. An ƙara gada ta biyu, an ƙara ta uku, an yi tituna masu hawa. Barikokin kashe gobara ba su bi garin da irin wannan saurin ba. Mota komai lafiyarta ba za ta taso daga tsakiyar gari ta isa bayan gari cikin minti biyar ba. Ƙananan barikoki ake buƙata a cikin unguwannin gefe, ko da mota ɗaya da motar ɗaukar marasa lafiya ɗaya ne, kuma kowace babbar kasuwa ta samu tankin ruwanta na gobara da ba a taɓa shi don wani abu.

In Yamai haka take, to a tuna da garuruwan jihohi, inda mota za ta yi tafiyar kilomita masu yawa kafin ta isa ƙauyen da rumbunan hatsinsa ke ci, ko dajin da wutar daji ke cinye ciyawar da makiyaya ke dogaro da ita har damina.

Sannan a ba su ƙarfin hanawa. In suka shiga kasuwa ko makaranta ko gidan mai suka ce wannan hanya a buɗe ta, wannan waya a sauke ta, maganarsu ta zama umurni, kada wani mai uwa a gindin murhu ya buga waya a janye. Ranar 1 ga Maris ta kowace shekara ake bikin ranar kare fararen hula ta duniya, a yi jawabi a yi fareti. Na fi son in ga an kwashe wannan makon ana zagaya makarantu da kasuwanni da tashoshin mota ana nuna wa mutane da hannu, da Hausa da Zabarmanci, yadda ake zare ƙusar tukunyar kashe wuta a nufi gindin wutar.

Su ma 'yan kwana-kwanan ina da magana da su. Bariki da soja a bakin ƙofa wuri ne da talaka ke tsoron tunkara. Su fito su zo mana tun babu hayaƙi, su san masu unguwanni, su san lungun da motarsu ba ta shiga, su karɓi lambar mutum biyu ko uku a kowace unguwa. In jama'a sun san fuskar mutum, da wuya su jefe shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, mun zauna da mai unguwa a ƙofar gidansa, mu kamar goma sha biyar. Dattijon nan maƙwabcina yana wurin, shi ne ma ya fara magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron da ya yi jifa jikan ƙanena ne, na sa an kira mini ubansa." Aka amince mutum uku su je bariki su ba da haƙuri, su roƙi a turo wanda zai yi wa matasa da matan unguwa bayani. Aka rubuta takarda zuwa ma'aikatar magajin gari a kan bakin ruwan gobara. Tela ya ce in an tashi karo-karon sayen tukwane a fara da shi, ko da yake kekunansa biyu sun ƙone.

Mai yashin bai zo zaman ba. An aika masa ya kwashe kafin ƙarshen wata, ya ce sai ya samu kuɗin leburori. Da safen nan da na fito, tulin yana nan inda yake, har an ƙara masa tifa ɗaya ta tsakuwa.